Haɗin Gwiwa Tsakanin Shirin Taimakon Ma'aikata da Shirin Kula da Lafiya a Wurin Aiki

  

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ɗalibanmu suna aiki a bankuna da manyan kamfanoni da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, wasu kuma neman abinci ya kai su Amurka da Turai. A irin waɗannan wurare ma'aikaci yakan tarar da hidimomi guda biyu cikin takardun da aka ba shi ranar da aka ɗauke shi aiki: shirin taimakon ma'aikata, da shirin kula da lafiyar ma'aikata. Mafi yawan mutane sukan sa hannu su wuce, har su bar aikin ba su san amfaninsu ba. Wani kuwa matsala ta kama shi har ta kai shi ga rasa aiki, alhali taimakon yana nan kyauta. Don haka muka ga ya dace mu yi bayanin waɗannan shirye-shirye biyu, da asalinsu, da yadda ake haɗa su su yi aiki tare, da kuma inda ya kamata a yi hattara.

Ma'anar shirye-shiryen biyu

Shirin taimakon ma'aikata, wanda masu Turanci ke taƙaita sunansa da EAP, hidima ce da mai kamfani ke biya domin ma'aikaci ya sami wanda zai kai wa damuwarsa a asirce. Matsalolin da ake kaiwa sun haɗa da rikicin aure, bashi, shaye-shaye, ciwon damuwa, fargaba, rasuwar makusanci, da saɓani da shugaban aiki. Akan ba da lambar waya mai aiki dare da rana. Mashawarci ya saurari mutum, ya tantance matsalar, ya zauna da shi 'yan lokuta, galibi daga uku zuwa takwas. Idan abin ya fi ƙarfin wannan, sai ya tura shi wurin likita ko lauya ko masanin harkar kuɗi. Ma'aikaci ba ya biyan ko sisi a kan waɗannan zama, kuma a mafi yawan wurare iyalinsa da ke gida ɗaya da shi suna da wannan haƙƙi.

Shi kuwa shirin kula da lafiya, rigakafi ne aikinsa, kuma ya shafi kowa da kowa, mai matsala da maras matsala. A nan ake awon hawan jini da sukari da nauyin jiki, ake yin allurar rigakafi, ake koyar da cin abinci mai kyau da motsa jiki, ake taimaka wa mai shan taba ya daina. Sau da yawa akan ba ma'aikaci takardar tambayoyi ya cika game da barcinsa da abincinsa da halin da zuciyarsa ke ciki, domin a gane cutar da ke iya kama shi nan gaba.

Bambancin a taƙaice shi ne: na farko yana jiran mutum ɗaya ya zo da damuwarsa a ɓoye, na biyu yana fita ya tarar da jama'a a fili.

Asalinsu

Shirin taimakon ma'aikata ya samo asali ne a Amurka, kuma matsalar giya ce ta haife shi. A shekarar 1935 aka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous a garin Akron na jihar Ohayo, inda mashaya ke taimakon juna su daina. A shekarun 1940 wasu kamfanoni irin su DuPont da Eastman Kodak suka lura cewa korar ƙwararren ma'aikaci saboda shaye-shaye asara ce, gara a yi masa magani ya koma bakin aikinsa. A shekarar 1970 majalisar dokokin Amurka ta zartar da wata doka da aka fi sani da sunan Sanata Harold Hughes na jihar Ayowa, wanda shi kansa tsohon mashayi ne da ya daina. Dokar ta kafa cibiyar ƙasa ta binciken shan giya, cibiyar kuma ta ɗauki nauyin jami'ai a jihohi domin yaɗa wannan shiri a wuraren aiki.

Ba a daɗe ba aka gane cewa muddin sunan ofishin yana da alaƙa da giya, kunya za ta hana mutane shiga. Sai aka faɗaɗa shi ya ƙunshi kowace irin matsala da ke iya taɓa aikin mutum. Ƙungiyar ma'aikatan wannan fanni da aka kafa a 1971 ma ta sauya suna a 1989, ta cire kalmar shaye-shaye daga sunanta.

Shirin kula da lafiya kuwa ta wata hanya dabam ya biyo. A Amurka mafi yawan ma'aikata ta hannun kamfaninsu suke samun inshorar lafiya, saboda haka duk lokacin da kuɗin magani ya hau, kamfani ne ke ji a jikinsa. A shekarar 1979 kamfanin Johnson & Johnson ya ƙaddamar da wani shiri na rigakafi ga ma'aikatansa wanda ya zama abin koyi ga wasu. Dokar lafiya ta shekarar 2010, ta zamanin Shugaba Obama, ta ba kamfanoni damar yi wa ma'aikaci rangwame da ya kai kashi 30 cikin 100 na kuɗin inshora idan ya cika sharuɗɗan shirin. Binciken cibiyar RAND na 2013 ya nuna kusan rabin wuraren aikin Amurka masu ma'aikata 50 zuwa sama suna da irin wannan shiri.

Da yake asalinsu ya bambanta, ma'aikatansu ma sun bambanta. Masu shirin taimako galibi masana halayyar ɗan Adam ne da jami'an jin daɗin jama'a. Masu shirin lafiya kuwa ma'aikatan jinya ne da masana abinci da masu horar da motsa jiki. Sau da yawa kamfanoni biyu dabam ake ba kwangilar, kowanne da lambar wayarsa da kasafinsa, wani bai san abin da wani ke yi ba.

Dalilin haɗa su

Dalili na farko shi ne jiki da zuciya ba sa rabuwa. Mu ɗauki misalin direban kamfani da aka auna aka ga jininsa ya hau. Ma'aikaciyar jinya ta ce masa ya rage gishiri, ya riƙa tafiya da ƙafa. Amma abin da ke hana shi barci bashi ne da ya yi masa katutu, ga kuma rigima a gida. Nasihar gishiri ba za ta kai ga tushen ciwon ba. Haka nan wanda ya je wurin mashawarci yana kukan kasala da mutuwar jiki, mai yiwuwa ciwon sukari ne da ba a gano ba. Idan ofisoshin biyu ba sa magana da juna, kowanne rabin mutum yake gani.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin masu amfani da shirin taimako. A wurare da yawa waɗanda ke zuwa a shekara ba su kai kashi 10 cikin 100 na ma'aikata ba. Kunya ce ke hana wasu, wasu tsoron kada shugaba ya ji, wasu kuma ba su san da shi ba. Zuwa awon jini kuwa babu mai jin kunyarsa. Saboda haka shirin lafiya yana iya zama ƙofar da mutum zai bi ya isa ga mashawarci ba tare da an nuna shi da yatsa ba.

Dalili na uku shi ne girman asarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kashi 15 cikin 100 na manya masu shekarun aiki suna fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma ana asarar ranakun aiki biliyan 12 a kowace shekara saboda ciwon damuwa da fargaba, abin da ya kai kimanin dala tiriliyan 1.

Yadda haɗin ke gudana

Haɗin yana da matakai. Mafi sauƙinsu shi ne kowane ɓangare ya san aikin ɗan'uwansa, ya riƙa tallata shi. Ranar awon lafiya mashawarci yana da teburinsa a wurin, kuma takardar da aka raba tana ɗauke da lambobin duka biyun.

Mataki na biyu shi ne tura mutum daga wannan ofis zuwa wancan. A nan masu wannan aiki sun bambanta tsakanin a miƙa wa mutum lamba a ce ya kira, da a kira a gabansa da yardarsa a haɗa shi da mashawarci nan take. Hanya ta biyu ta fi kai mutum ga taimako, domin wanda damuwa ta danne yakan ajiye takardar bai sake waiwayarta ba.

Mataki na uku shi ne tantancewa tare. Akan sa tambayoyin lafiyar ƙwaƙwalwa cikin takardar tambayoyin lafiya ta kowa da kowa. Akwai ma'auni mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9 domin gano ciwon damuwa, da wani mai tambayoyi goma da ake kira AUDIT wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara domin gano matsalar giya. Wanda amsoshinsa suka nuna yana cikin haɗari, kuma ya yarda a tuntuɓe shi, sai mashawarci ya kira shi.

Mataki na huɗu shi ne a haɗe su ƙarƙashin shugabanci ɗaya, da lambar waya ɗaya, da kwamiti ɗaya da ya ƙunshi likitan wurin aiki, da jami'in kiyaye haɗurra, da sashen kula da ma'aikata, da wakilin ƙungiyar ƙwadago. A nan ne ake horar da shugabannin sassa su gane alamun ma'aikacin da ke cikin matsi, kamar yawan makara, da kuskuren da bai saba yi ba, da janye jiki daga mutane. Aikin shugaba ya tsaya ga yin magana a kan aikin da nuna wa mutum inda taimako yake. Tantance cuta aikin likita ne.

Abin da bincike ya nuna

Wajibi ne mu yi adalci a nan, domin masu sayar da waɗannan hidimomi sukan zuzuta amfaninsu. A shekarar 2010 wani nazari daga jami'ar Harvard ya ce kowace dala ɗaya da aka kashe a shirin lafiya tana rage kuɗin magani da kimanin dala 3.27. Daga baya aka yi gwaje-gwaje masu tsauri, inda ƙuri'a ce ke zaɓen waɗanda za a ba shirin da waɗanda ba za a ba ba. A jami'ar Illinois an gwada a kan ma'aikata kusan 5,000, aka ga shirin bai rage kuɗin magani ko fashin aiki ba, kuma waɗanda suka shiga tun asali sun fi sauran lafiya. A kamfanin BJ's Wholesale Club an gwada a kan ma'aikata kusan 33,000 a rassa 160. Bayan wata 18, waɗanda aka ba shirin sun fi cewa suna motsa jiki suna kula da nauyinsu, amma awon jikinsu da kuɗin maganinsu bai bambanta da na sauran ba. An wallafa sakamakon gwaje-gwajen biyu a 2019.

Wani nazari a kan ma'aikatan PepsiCo da aka wallafa a 2014 ya raba shirin gida biyu. Ɓangaren da ke bibiyar masu ciwon da ya riga ya kama su, kamar sukari da ciwon zuciya, ya dawo da dala 3.78 a kan kowace dala. Ɓangaren nasiha ga masu lafiya kuwa santi 48 kawai ya dawo da shi.

A fannin ƙwaƙwalwa, wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2007 ya tantance ma'aikata ta hanyar takardar tambayoyin lafiya, aka sami 604 masu ciwon damuwa. Wasu aka bar su da kulawar da aka saba, wasu kuma aka riƙa kiran su ta waya ana ƙarfafa su su nemi magani, ana bibiyar halinsu. Bayan shekara ɗaya, waɗanda aka bibiya sun fi samun sauƙi, sun fi riƙe aikinsu, kuma sun fi sauran yin aiki da kimanin awa biyu a mako.

Darasin da ke cikin waɗannan duka ɗaya ne. Tara jama'a a yi musu lacca kaɗai ba ya sauya abu mai yawa. Amfanin yana fitowa ne idan aka gano wanda ke da buƙata ta haƙiƙa, aka kai shi ga mai iya taimakonsa, aka kuma ci gaba da bibiya. Ganowa ƙarfin shirin lafiya ne, bibiya kuma ƙarfin shirin taimako. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta haɗa su.

Amanar sirri

Babban haɗarin wannan haɗi shi ne tonuwar asiri. Shirin taimako ba shi da jarin da ya wuce amincewar ma'aikata. Ranar da aka ji cewa maganar da wani ya faɗa wa mashawarci ta isa kunnen shugaba, daga ranar babu mai sake zuwa. Shirin lafiya kuwa ya saba da tattara bayanai da raba kyaututtuka da lissafin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Idan aka gauraya al'adun biyu ba tare da shinge ba, sirri ne zai tafi.

Ƙa'idojin da aka sani a wannan fanni su ne: bayanin mutum ba ya fita daga ofishin mashawarci sai da rubutacciyar yardarsa, mai bayyana abin da za a faɗa da wanda za a faɗa wa. Rahoton da ake ba kamfani na jimla ne, kamar a ce mutum kaza suka zo, kaso kaza matsalar kuɗi ce ta kawo su, babu suna. A ƙaramin sashe ko jimlar ma ba a bayarwa, domin ana iya gane mutum. Idan shugaba ne ya tura ma'aikaci saboda aikinsa ya lalace, abin da za a sanar da shi, da yardar ma'aikacin, shi ne ya halarta ko bai halarta ba. Sirrin yana da iyaka a wurare kaɗan: idan mutum zai hallaka kansa ko wani, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta ba da umarni. Mashawarci na gari yakan faɗi waɗannan iyakoki tun a zaman farko.

Akwai kuma mas'alar tilas. Idan rangwamen da ake bayarwa ya yi yawa, mai ƙaramin albashi ba shi da zaɓi sai ya miƙa bayanan lafiyarsa. A Amurka ƙungiyar AARP mai kare haƙƙin dattawa ta kai ƙara a kan wannan, kuma a 2017 kotu ta soke ƙa'idojin da hukumar daidaito a wurin aiki ta shimfiɗa game da girman rangwamen, saboda hukumar ba ta kafa hujjar cewa shiga shirin na ganin dama ne ba.

Idan aikin ne ke kawo ciwon

Wani lokaci wurin aikin ne tushen cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana a 2021 cewa yin aiki awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. A Faransa, kamfanin France Télécom ya matsa wa ma'aikata lamba domin ya rage mutum 22,000, ma'aikata da dama suka kashe kansu a 2008 da 2009, kuma a watan Disamba na 2019 kotu ta sami kamfanin da tsohon shugabansa da laifin gallazawa. A Birtaniya, wani nazari daga jami'ar Oksford da aka wallafa a 2024, a kan ma'aikata fiye da 46,000, ya ga cewa waɗanda suka halarci darussan jure matsi da makamantansu ba su fi sauran jin daɗi ba.

Saboda haka haɗin da ya cika shi ne wanda ke mayar da abin da aka gano zuwa ga shugabanni. Idan rahoton jimla ya nuna sashe guda ya fi kowane yawan masu damuwa da hawan jini, sai a duba yawan aikin sashen da lokutansa da halin shugabansa. Wasu ƙasashe sun mai da wannan doka. A Japan, tun watan Disamba na 2015, wajibi ne duk wurin aiki mai ma'aikata 50 zuwa sama ya ba su damar gwajin matsin tunani sau ɗaya a shekara, kuma ba a ba kamfani sakamakon mutum sai da yardarsa. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Satumba na 2022 ita ma ta sa gyaran yanayin aiki da horar da shugabanni cikin manyan shawarwarinta.

Misalin Afirka ta Kudu

A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ta yi nisa a wannan fanni. Kamfanonin haƙar ma'adinai ne suka shigo da shirin taimako a shekarun 1980. Annobar ƙanjamau kuma ta tilasta haɗa shi da shirin lafiya, domin gwajin cutar ba ya yiwuwa sai da nasiha da riƙe sirri, shan magani kullum kuma yana buƙatar mai bibiya. A 2002 kamfanin Anglo American ya sanar da ba ma'aikatansa maganin ƙanjamau kyauta. A 2008 gwamnatin ƙasar ta fitar da tsari guda ga ma'aikatanta mai ginshiƙai huɗu: yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka, kula da lafiya da ingancin aiki, kiyaye haɗurra da muhalli, da walwalar ma'aikaci. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ƙaddamar da tsarin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatanta a 2018, wanda ya shafi ofisoshinta da ke ƙasashenmu.

Nasiha ga ma'aikaci

Ya ɗan'uwa, idan wurin aikinka yana da waɗannan hidimomi, ka nemi sanin abubuwa biyar tun kafin buƙata ta taso. Wane ne ke gudanar da shirin, ma'aikacin kamfani ne ko na waje? Me ake sanar da kamfani game da wanda ya je? Zama nawa ne kyauta, kuma iyalinka suna ciki? Bayanan awon lafiyarka a hannun wa suke, kuma har yaushe? Kana iya neman mashawarci namiji ko mace, ko mai jin harshenka, ko wanda ya san addininka da al'adarka? Kada ka sa hannu a takardar yarda sai ka karanta ta, ko ka sa amintacce ya karanta maka.

Mu kuma da jama'a ke kawo wa kukansu a masallatai da zaurukan karatu, yana da kyau mu san da waɗannan ƙofofi. Wanda ya zo yana kukan rashin barci na watanni, ko ya faɗa shan ƙwayoyi, ko yana zancen ya gaji da rayuwa, bayan nasiha da addu'a mu tambaye shi ko wurin aikinsa yana da mashawarci, mu ƙarfafa masa gwiwa ya je. Shugabanni da masu kamfanoni daga cikinmu kuwa su sani cewa sirrin ma'aikaci amana ce a wuyansu, kuma ofishin shawara ba ya ɗauke musu nauyin biyan albashi a kan lokaci da ɗora wa mutum aikin da zai iya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yaye wa masu damuwa damuwarsu, ya sa albarka a cikin sana'o'inmu.